Ranar da Aka Sa Uwale Tsallaka Kausar

Duk wanda ya san Dakoro ya san muryar Uwale, ko bai taɓa ganin fuskarta ba. Dambu take sayarwa a bakin tasha, amma Allah ya ba ta maƙogwaro. A zama ɗaya sai ta yi maka kukan jinjiri, ta yi tarin tsoho, ta juye ta zama mai tallar nono. Da gidan rediyon garinmu ya fara wasan kwaikwayo, ita aka fara nema. Daga baya har masu tele na Maraɗi suka riƙa kiranta tana sa murya a finafinansu.

Abin da ya ja mata wani wasa ne da aka shirya don mutane su gane sauro ke kawo zazzaɓin damina, ba maita ba. Aka ba Uwale matsayin mayya. Ta yi wata dariya da ta sa yara ɓuya bayan uwayensu tun daga Sabon Maci har Tagriss. Faɗakarwar ta bi iska, dariyar ta zauna.

Da damina zazzaɓi ya kayar da Kausar, ƙaramar ɗiyar maƙwabcinta Hamani. Cikin magagi yarinyar ta yi ta kiran sunan Uwale. To wa za ta kira? Kullum a bayanta take wuni! Amma a wurinmu in marar lafiya ya ambaci suna, an gano mai riƙe da kurwarsa ke nan, kuma sai wanda aka ambata ya tsallake shi zai tashi.

Hamani ya zo da jama'a ƙofar gidanta, ɗauke da yarinyar.

"Iya, taho ki tsallake ta, ki sakar muna ɗiya."

"Hamani, ni? Ni da na yanke mata cibi? Wasa ne hwa!"

"Wanda bai san abu ba, ba shi iya dariyarshi hakanan."

Ina tsaye a wurin, kuma har yau in na tuna raina ɓaci yake. In ta ƙi yarinya ta mutu, ita ta cinye ta. In ta tsallaka, ta amsa sunan mayya da ƙafarta. Suna ta surutu, Kausar na ta sanƙarewa a tabarma.

Uwale ta ce, "Ni tsallaka, amma daga nan sai likita."

Ta tattare zane ta tsallaka a gaban kowa. Ta sunkuci yarinyar ta goya, muka hau moto.

Kausar ta warke. Da idona na ga allurar da ƙarin ruwan da aka yi mata. Amma je ka unguwarmu ka tambayi abin da ya tashe ta. Za a rage murya a ce maka Uwale ce ta ji kunya ta sake ta. Jiya ma yarinyar ta hango Uwale ta ruga wurinta da gudu, uwar ta fizgo hannunta ta tura ta cikin gida.