Cinnaka Cikin Ludayi

Shekarar da na haifi 'yata, haihuwata ta uku, muna zaune a Malbaza, maigidana yana aiki a kamfanin siminti. Auren zumunci muka yi. Uwarsa ƙanwar babana ce, don haka ban taɓa kiranta da wani suna ba sai Gwaggo, kuma gida ɗaya muke da ita.

'Ya'yana biyu na farko duk amosanin jini ya kama su. Babban bai kai shiga lakwal, wato makaranta, ba ya rasu. Na biyun kuwa in ciwon ya tashi sai hannuwansa su kumbura, ya yi ta kuka har murya ta dushe. Gwaggo ta yanke hukunci cewa nonona ne mugu, wai daga dangin uwata na Tajaye na kwaso shi, don gidan kakanmu ba a san wannan ciwo ba. Mace ce mai kirki, amma in ta kafe kan magana sai dai ka haƙura.

Ana gama wanke jaririyar ta sa na tatsi nono a ludayi, ta kamo cinnaka ta jefa ciki. Cinnakar ta yi 'yan wutsil-wutsil ta mutu. Na ce a raina ko cikin kunu aka jefa ta ai mutuwa za ta yi, amma wa ya isa ya faɗa? Aka sayo akuyar da za a shayar da ita, jaririya ta koma ɗakin Gwaggo. Nono yana jiƙa mini riga, ina jin kukanta ta bayan bango. Kafin a yi arba'in zawo ya kama ta, ta fara ramewa, ni kuwa tsoro ya cika ni.

A lokacin ne wata lokotoro, wato likita, ta zo garin tana neman gidajen da amosani ya shiga. 'Yar Illela ce, ta yi karatu a ƙasar Turawa, amma da takalmin roba ta shigo mana, ta zauna a tabarma ta sha furar da aka ba ta har ta nemi ƙari. Ta ce cikin jinin kowa akwai rubutun gado, rabi daga uwa, rabi daga uba. Ita da abokan aikinta suna karanta shi, su zuba a wata na'ura da ta kira ordinatar, na'urar ta gwama na gidaje masu yawa, a ga inda rubutun ya karkace da abin da ya sa ciwon wani yaro ya fi na wani tsanani. Ta nan suke fatan a kai ga magani.

Na tambaye ta ko maganin ya samu.

“Babu shi tukuna, 'yar'uwa,” in ji ta. “Ba ni yi miki ƙarya.”

Masu magani nawa suka ci mana kaji da alkawari, ita kaɗai ta ce babu. Tun daga nan na so ta.

Da ta ga jaririyar, ta roƙi Gwaggo a mayar da ita nono. Gwaggo ta ce cinnaka ba ta ƙarya. Na ɗauka lokotoro za ta yi dariya, sai ta gyara zama.

“Inna, ke kin gwada nono, ki bar ni in gwada jini. Amma da naki za ni farawa, ke ab babba.”

Gwaggo ta miƙa yatsa tana jero mata kakanninmu ɗaya bayan ɗaya. Aka ɗibi na maigidana, da nawa, da na yaran, har da na uwata da ta zo ganin jika.

Ta tafi Yamai ta dawo da kanta, ba ta aiko ba. Ta zaunar da mu, ni da maigidana da Gwaggo, a inuwar itacen bedi, ta fuskanci Gwaggo da murya ƙasa-ƙasa. Ta ce ciwon ba ya kama yaro sai ya gada ta ɓangare biyu. Ina ɗauke da shi, maigidana yana ɗauke da shi, Gwaggo ma haka. Uwata kuwa babu komai a jininta. Jaririyar ta ɓangare ɗaya ta gada, ba za ta yi ciwon ba.

“Inna, ba laihin kowa ba ne. Nonon ga shi am maganin da nika da shi yanzu.”

Gwaggo ta daɗe tana kallon tafin hannunta. Can ta ce, “Ƙannena biyu sun tahi suna ƙanana, hannuwa kumbure. Aka ce muna iska ce.”

Ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da jaririyar, ta ɗora mini ita a cinya. Nonon ya riga ya ja baya, yarinyar kuma ta saba da cokali, sai kawar da kai take yi. Na fara kuka. Gwaggo ta durƙusa a gabana, ita da ban taɓa ganin gwiwarta a ƙasa ba sai wajen salla, ta tallabe kan yarinyar da hannu biyu.

“Kama, ɗiyata,” ta ce mata. “Kama, na uwarki ne.”

Ta kama.