Dogo Ya Auna Kujerar Motata da Ƙafarsa

Jama'a, yau saura kaɗan in mari mai walda a Jega.

Kujerun wata ƙaramar mota na sayo, masu cin mutum ɗaya-ɗaya, na kai wa Dogo mai walda ya sa a tsohuwar akori-kurata. Ga albasar mutane na jirana a Aliero. Na shiga, na miƙe ƙafa, ko birki ban taɓo ba. Na ja kujerar, ta ƙi motsi.

Na ce, "Dogo, mi kay yi?"

Ya ce, "Alhaji, sai da niz zauna nig gwada, sannan nil liƙe ta."

Mutumin da sai ya sunkuya yake shiga masallaci! Na ce ya maido tsohon bencin motar da ya cire. Ya nuna teburin mai shayi, dattawa na zaune a kan bencin.

Da buhun dusa a bayana na tuƙa har Aliero.