Tambayar da Ta Kai Ni Tsaunin Mambila

Shekaru sun ja, abubuwa da dama sun zube daga kaina, har wasu baitocin da na haddace ina yaro sai na yi lalube kafin in kamo su. Amma akwai wata tafiya da na tabbata ba za ta bar zuciyata ba sai ranar da aka rufe ni da ƙasa, ita ce tafiyar da na yi daga Daura zuwa tsaunin Mambila domin in yi wa wata tsohuwa tambaya guda.

Ina da jika mace wadda mahaifiyarta ta rasu tun tana cikin tsumma, lokacin muna zaune a wani ƙauye a ƙasar Baure. Marigayiya matata ce ta rene ta. Da ta isa aure, wani ɗalibina mai natsuwa, ɗan ƙauyen nan namu na dā, ya nema, ita ma tana so. Aka kai gaisuwa, aka sa rana bayan damina. Ana cikin shiri sai wata dattijuwa, tsohuwar maƙwabciyarmu, ta yi sallama a zaurena, ta durƙusa ta ce, "Malam, ina tsoron Allah, ba zan iya yin shiru ba. Yaron nan ya sha nonon Bafillatanar nan ta rugar bayan gari, uwarsa ma ta sani. Yarinyar nan kuwa, da idona na gan ta a ƙirjin matar, ta lulluɓe ta da mayafi."

Duk wanda ya zauna gaban malami ya san nauyin wannan magana. Yara biyu da suka sha nonon mace ɗaya suna jarirai sun zama wa da ƙanwa, babu aure tsakaninsu har abada. Na tambayi uwar yaron, ta tabbatar da nasa. Na yarinyar kuwa babu mai faɗa mini, domin uwarta da kakarta duk sun riga mu gidan gaskiya. Ita kuma Bafillatanar, tun da makiyaya ta yi musu ƙunci suka kora shanunsu kudu, labarin ƙarshe da aka ji shi ne suna can saman Mambila, inda waya ba ta shiga.

Mutane suka rabu biyu. Wasu suka ce maganar mace guda ba ta rushe aure a shari'a, in ɗaura kawai. Ban musa musu ba, na san mas'alar. Wasu suka ce a fasa, a huta da shubuha, yarinya ba za ta rasa miji ba. Su ma suna da abin riƙo. Sai dai na lura kowane ɓangare ya zaɓi abin da ba zai tayar da shi daga tabarmarsa ba. Jikar tawa, wadda kullum in ta kawo mini abinci sai ta ce da ni angon da ba shi da haƙoran cin nama, ran nan ba ta yi wasa ba. Ta ajiye kwano ta sunkuyar da kai ta ce, "Malam, in ɗan'uwana ne, na haƙura, Allah ya fi ni sani. Amma kada a raba ni da shi a kan wataƙila, kada kuma a aura mini shi a kan wataƙila." Na yi istihara, na ce zan tafi.

'Ya'yana suka hana, suka ambaci gwiwata da shekaruna. Wanda ya goya mini baya shi ne taubashina, ɗan kawuna, wani falken shanu mutumin Zango da ya taɓa hawa tsaunin don sayen bijimai. Ya ce, "Ku bar shi ya je. Mutumin da bai taɓa hawa abin da ya wuce buzun karatu ba, bari ya ga ikon Allah a tsaye. Ni zan raka shi, in ya mutu a hanya in samu rawanin."

Tafiyar mota zuwa Jalingo da Serti doguwa ce, amma ba ta da labari. Labari ya fara ne a gindin tsaunin. Ni mutumin Daura ne, ƙasarmu shimfiɗe take, ido yana tafiya har ya gaji. A nan kuwa na ɗaga kai har hulata ta nemi faɗuwa, ban ga ƙarshen dutsen ba, gajimare ya haɗiye shi. Muka shiga wata tsohuwar akori-kura da aka cika da buhunan gishiri da mutane. Hanyar ta nannaɗe dutsen kamar rawani, dama bango, hagu rami wanda ban yarda na leƙa shi sau biyu ba. Taubashina ya ga leɓena yana motsi, ya ce, "Malam, ɗaga murya mana, mu ma mu samu. Ko ta kanka kaɗai kake roƙa?"

Bayan Nguroje kwalta ta rabu da mu, muka faɗa jar laka, ga damina ba ta gama sallama ba. Inda motar ta kafe sai kowa ya sauka a tura, wani yana biye da dutse a hannu, da ta ɗan motsa sai ya cusa shi bayan taya don kada ta komo kanmu. Sun ce in koma gefe saboda furfurata. Na naɗe babbar rigata a kafaɗa na sa hannu, domin ban ga dalilin da zan zama kaya a kan mutanen da ba su san abin da ya fito da ni ba. Tafiyar da a ƙasarmu ba ta wuce tsakanin azahar da la'asar ba, a nan ta cinye mana yini.

A wani ƙauye da hanyar mota ta ƙare muka yi hayar dawaki. Ƙanana ne, ba su da kyan gani, sirdinsu buhu ne da igiya. Mai su, wani magidanci mai ƙarancin magana, ya ce da ni, "Baba, kada ka ja linzami. In ka ji tsoro ka kama geza, ka bar shi ya zaɓi inda zai taka." Na yi shekaru ina karantar da babin tawakkali, amma ban ɗanɗana shi kamar yadda na ɗanɗana a bayan wannan doki ba, yana bin wata 'yar siririyar turba a gefen kwari, tsakuwa tana gangarawa ƙarƙashin kofatonsa ba a jin saukarta. Ciyawa kore shar ta rufe tuddai ɗaya bayan ɗaya, jajayen shanu a warwatse kamar an zuba su. Can gajimare ya sauko ya rufe mu, har kunnen dokina da ƙyar nake gani. Da lokacin salla ya yi, rana ta ɓace, mai dawakin ne ya nuna mana alƙibla da bakin wani kwari da ya sani. Ruwan alwala kuwa sai ka ce ana yanka yatsu da aska.

Muka isa inda aka kwatanta mana rugar, muka tarar da kufai, sai turaku da busasshen kashin shanu. Wani makiyayi ya ce sun tashi, sun koma bayan wancan tudun, ƙetaren rafi, kuma doki ba ya sauka ta wurin saboda santsi. A lokacin gwiwata ta kumbura ta yi kamar tulu. Taubashina ya dube ta, wasa ya fita daga fuskarsa, ya ce, "Yaya, tsaya nan. Ni in je in tambayo ta in dawo maka da amsa. Ai ba ƙarya zan yi maka ba." Tun da muka taso ban taɓa jin ya kira ni yaya ba sai ran nan. Na ce masa, "Ban tuhume ka ba. Amma an ce, an ce, ita ta kawo mu nan. Ba zan koma wa yarinyar nan da wata an ce ba. Kuma akwai tambayar da in amsa ta zo a karkace, sai wanda ya san mas'alar zai san abin da zai sake tambaya." Ya yanko mini sanda, ya ce, "To tashi, taurin kai dai gadon gidanku ne."

Na sauka gangaren nan rabi da ƙafa rabi da zama. Muka tarar rafin ya ciko, muka kwana a bakinsa har ya ja baya, sannan muka ƙetare ruwa iya cinya, ina riƙe da kafaɗarsa. Hawan da ya biyo baya shi ne mafi tsanani. Nakan zaɓi wani dutse a gabana in ce can zan kai, in na kai in zaɓi wani. Ban roƙi Allah ya gajarta tudun ba, na dai roƙe shi kada ya bar ni in juya.

Da hantsi muka shiga rugar. Tsohuwar tana zaune gaban ƙorenta, ta rame, amma na gane ta. Da aka gaya mata ko ni wane ne, ta tambayi matata, na ce ta rasu, ta yi kuka mai isarta. Bayan an kawo mana kindirmo na faɗi abin da ya kawo ni. Nan take ta juya mini baya, ta ja mayafi ta rufe fuska. Na gane ba za ta yi zancen nono da namiji ido da ido ba. Sai ƙanwar mijinta, wata dattijuwa mai kaifin baki da suka zauna tare tun a Baure, ta zauna tsakaninmu, tsohuwar tana raɗa mata, ita kuma tana faɗa mini, ko da yake kunnena yana jin raɗar.

Ta ce yaron ta shayar da shi, babu shakka. Na ce yarinyar fa? Ta ce, lokacin da matata ta kawo mata jaririyar tana kuka, ita kuma tana fama da ciwon nono, ya kumbura ya fashe, ruwan ya ɗauke, har nata ɗan ta yaye shi ba shiri. Ƙirjinta a ɗaure yake da tsumma da magani. Amma ta ji kunyar a ce an kawo mata marainiya ta mayar, ta kuma ji kunyar faɗin lalurarta. Sai ta riƙa karɓarta tana lulluɓewa a ƙirji har ta yi shiru, in mutane sun watse a ba ta madarar saniya da ɗan ludayi.

Na ce, "A tambaye ta, ko sau ɗaya, ko bayan ta warke, bakin yarinyar ya taɓa kama nononta? Ko ɗigo ne ya shiga cikinta, hukunci ya hau." A nan tsohuwar ta manta da kunya, ta amsa da kanta da ƙarfi, ba ta juyo ba: "Malam, ko ɗigo! Ban sake samun ruwan nono ba sai a haihuwa ta gaba, lokacin yarinyarku tana gudu da ƙafarta. Na faɗa don Allah, kabari nake jira." Ƙanwar mijin ta ce, "Ni nake wanke mata ciwon, ni nake tatso jar saniyar. In jikarka tana da ɗan'uwan nono, to ɗan maraƙi ne." Taubashina ya tafa hannu ya ce, "Wannan ɗan'uwan kuwa an daɗe da cinye shi a tuwon suna!" Har tsohuwar sai da kafaɗunta suka girgiza don dariya. Ni kuwa na fuskanci alƙibla na yi sujada a kan ciyawar nan mai raɓa, na daɗe ban ɗago ba.

Na kwana biyu a wurinsu kafin gwiwar ta yarda mu juyo. Da na iso gida, kafin in shiga wurin iyalina, na fara biyawa ta gidan dattijuwar da ta kawo maganar, na gaya mata ba ta yi ƙarya ba, abin da ta gani ya faru, Allah ya saka mata da ta faɗa. Aka ɗaura auren a ranar da aka sa. Gwiwar ba ta koma daidai ba, tun daga lokacin a zaune nake salla, kuma ban taɓa jin na yi asara ba.

Abin da na koya shi ne, mai gaskiya yana iya gani da idonsa, ya faɗi gaskiya, hukuncin da aka gina a kan ganinsa kuma ya zama kuskure, domin ido iyakarsa mayafi. Na kuma gane cewa halattawa da haramtawa duk suna da sauƙi a bakin wanda yake zaune, alhali rayuwar wani ce ake yankewa. Idan yaƙini yana nan da rai a wani wuri, ko a bayan tsauni ne, to wanda aka ɗora wa amanar hukunci ba shi da uzurin tsayawa a kan zato matuƙar ƙafarsa tana iya ɗaukarsa. Allah ya sa mu dace.