Rai aro ne, ba a tanazul ɗinsa

Shekara arba'in ke nan da muka kai Baba makwancinsa a nan Jidda. Gidanmu na unguwar Karantina ma an rushe shi. Gara da bai kai yau ba.

Baba muƙaddamin ɗariƙa ne. Ina ƙarama, a zamanin da ake cinikin mutane a wannan gari, alhazanmu da guzuri ya yanke musu sukan bar yaro a hannun dillali. Ba sa cewa sun sayar, sai su ce sun ba da amana. Wata Juma'a dillalin ya shigo zawiyya ya zauna a bakin farin ƙyallen wazifa. Baba ya tsayar da zikiri, ya naɗe ƙyallen. Ya ce numfashin da ke ƙirjin kowane ɗan Adam aro ne daga Ubangiji, wa ya taɓa kai kayan aro kasuwa? Bawa ba ya mallakar bawa. Masu hali suka ƙaurace masa, muka sha yunwa, bai janye ba.

Makon jiya ɗana Abdulƙadir ya tara malamai a gidansa na unguwar Abhur don yi wa Baba addu'a. Na leƙa kicin neman ruwan zafi, na tarar da ƙofa a kulle ta waje. Da na buɗe, a ciki akwai mai aikinsu Rahama, Bahaushiya 'yar'uwarmu. An ƙwace wayarta, tun azumi ba ta ji muryar 'ya'yanta da ta baro a ƙasarmu ba.

Na tambayi surukata, matar Abdulƙadir. Ta ce, "Umma, ai tanazul muka yi, kafilinta, ubangidan da ya kawo ta aiki, ya sakar mana ita da tsada. In ta gudu fa?"

Tir! An sauya wa tuwo suna. A da amana, yau tanazul. Ga malamai a falo suna yabon Baba da maiƙon girkin Rahama a baki. Da yana nan, ko Fatiha ba zai shafa tare da su ba.

Abdulƙadir ya ce, "Halas, ya isa haka, Umma, kar ki ba ni kunya gaban baƙi."

Na ce kunya ta riga ni shiga gidan.

Jikokin Baba sun gaji carbinsa da rawaninsa, ƙin zaluncin ne bai sami magaji ba sai tsohuwa mai ciwon gwiwa. Na shimfiɗa tabarmata a kicin, kusa da ta Rahama. Zaɓi ya rage wa ɗana: ko ya sa ta a jirgi ta koma wa 'ya'yanta, ko ya kulle mu mu biyu.