Baƙin Man da Nake Sharewa Kowace Safiya

Assalamu alaikum. Na daɗe ina karanta labaran 'yan'uwa a wannan shafi ina share hawaye, yau na ce bari ni ma in sauke nawa, ko wata za ta tsira daga abin da ni ban tsira ba.

A lokacin da sojoji suka koma bariki farar hula suka karɓi mulki, ni matar aure ce a Wudil da 'ya'ya biyu, ƙaramar tana goye. Ina gama sakandare aka yi mini aure, aikina gida, sai islamiyyar matan aure da yamma. Maigidana malamin firamare ne, mutum mai haƙuri da barkwanci, wanda ya yi shekaru yana taka keke zuwa makaranta rani da damina. Da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi a wancan zamani, ya sayar da bijimin da yake kiwo ya haɗa, ya sayo 'yar ƙaramar mota ta hannu, irin wadda ake cewa Beljiyam. Ranar da ya shigo da ita layinmu, na ga hawaye a idon mutumin da ban taɓa ganin kukansa ba. Ya ce mini, "Uwargida, daga yau kin daina cusuwa a bayan akori-kura in za ki gaida Inna."

Inna mahaifiyata ce, tana ƙauyenmu a yankin Achika. Ni ce 'yarta ta fari, kuma duk wanda ya tashi a ƙauye ya san kunyar ɗan fari. Tunda na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. In za ta kira ni sai ta ce ke, in tana maganata da wasu sai ta ce waccan. Ban taɓa shakkar ƙaunarta ba, don ina ganin ta a ƙullin daddawa da man shanun da take aiko mini, amma a can cikin zuciyata ina kwaɗayin ranar da za ta kira ni kamar yadda take kiran ƙannena.

Mota a dangi irin namu ba ta mutum ɗaya ba ce. Da kaka ta yi, kowa ya zo neman a ɗauko masa amfanin gona, Malam kuma bai iya cewa a'a ba. Haka motar za ta shiga har tsakiyar gona, tana taka kututturen karan dawa, a labta mata buhuna ta dawo tana nishi. In sun dawo sai ya kai ta bakin kogi, ya tura ƙafafunta cikin ruwa a wanke. Bayan kakar nan na fara ganin wani abu. Duk safiya in na zo shara inda take kwana, sai in tarar da ɗigon baƙin mai, mai kauri kamar kwalli da aka dama, a ƙasa kusa da tayar gaba, har da fantsalinsa a cikin tayar. Sannan in muna tafiya ya karya kwana, sai in ji ƙas-ƙas-ƙas daga ƙarƙashin ƙafata, in ya miƙe hanya ta yi shiru.

Na yi maganar ƙarar sau ɗaya, muna cin tuwo. Malam ya yi dariya ya tambaye ni ko a sakandaren tamu har da kanikanci aka koya mana, ya ce gobe zai saya mini sifana. Hajiya mahaifiyarsa, wadda muke zaune tare, ba ta yi dariya ba. Ta ce in yi hattara da bakina, Allah ya yi wa ɗanta sutura bakin mutanen waje bai ishe shi ba sai na cikin gida ya ƙaru, abin da ake yawan ambaton aibinsa shi yake lalacewa. Maganar ta shige ni sosai. Na ji tsoron kada in zama mai butulce wa ni'ima, ko in zama ni ce mai mugun baki a kan farin cikin mijina. Daga ranar na ja bakina. Abin da na koma yi shi ne, kafin ya fito da safe sai in barbaɗa toka a kan man in share tas, don kada ya gani ransa ya ɓaci, sannan in yi addu'a in tofa wa motar. Ƙarar kuwa kullum ƙaruwa take. In ta yi yawa, sai in ga ya miƙa hannu ya ƙara muryar kaset ɗin karatu.

Wata Juma'a cikin bazara, wani maƙwabcinmu na ƙauye da ya zo cin kasuwa ya biyo ya ce jikin Inna ya yi tsanani tun jiya, kuma tana ta tambaya ko an gaya wa waccan. Ana saukowa daga masallaci muka kama hanya, ni da Malam da 'yar goyona. Tafiyar ba ta da nisa a mota. Da muka sauka daga kwalta muka shiga burji, akwai wata kwana mai yashi kusa da wata tsohuwar kuka. Nan ƙafar gaba ta nutse. Malam ya murɗe sitiyari har ƙarshe ya taka totur, sai muka ji wani gwaram kamar an sari ƙarfe. Inji yana ta kuka, giya tana shiga, amma motar ko motsi. Malam ya leƙa ƙasa ya ɗago, fuskarsa kawai na kalla na gane. Ranar kasuwa ce, duk abin hawan yankin yana Wudil, ba mai dawowa sai yamma. Na gyara goyona na ce masa ni zan taka. Na yi tafiya cikin rana har ƙafata ta yi bororo, kafin wani dattijo mai amalanken shanu ya tausaya ya ɗauke ni.

Rana ta yi ja na shiga gidanmu. Tun daga zaure na ga maza zaune shiru, a tsakar gida kuma na tarar ana ɗinkin likkafani. Inna ta cika bayan la'asar. Ƙanwata ce ta ja ni ɗaki ta gaya mini abin da har yau bai bar ni ba. Ta ce Inna ta yi ta sauraron hanya. Da mai injin niƙa ya tayar da injinsa, sai ta ɗago kai ta ce ga motarsu nan, a buɗe ƙofa. Da aka ce mata niƙa ne, sai ta kira sunana. Sunana na yanka, a fili, gaban kowa. Ta ce a gaya mini ta yafe mini duniya da lahira, kuma ba ta taɓa haihuwar abin da take so kamar ni ba.

Bayan an yi bakwai Malam ya kawo mini bayanin bakanike. Ƙarfen da ke juya tayar gaba ne, wanda suke kira shaf, ya karye a gaɓarsa. Sabo ne aka sa lokacin sayen motar, ya kamata ya yi shekaru. Amma robar da ke rufe gaɓar ta yage, wataƙila kara ne ya tsaga ta, giris ya tsiyaye, yashi da ruwan kogi suka maye gurbinsa suka cinye ƙarfen. Da an canza robar da wuri, da shi ke nan. Malam ya ce abin da ya ɗaure masa kai, bakaniken ya tambaye shi ko bai taɓa ganin baƙin mai inda motar take kwana ba, shi kuwa bai taɓa gani ba. Nan na fashe da kuka na gaya masa maganar toka. Sai ya ce in daina ɗora wa kaina ni kaɗai, shi ma yana jin ƙarar, tsoron abin da za a ce masa a gareji ne ya sa yake ƙara muryar kaset.

Na sani ajalin Inna ba zai ƙara ko daƙiƙa ba, ko da jirgi na zo. Na yarda da ƙaddara. Amma na gane cewa faɗin aibin abu don a gyara ba mugun baki ba ne, kuma godiyar ni'ima ita ce kula da ita, ba rufe ido a kanta ba. 'Yan'uwana mata, mu ne masu shara, mu muke fara ganin abin da ya ɗiga, mu muke zaune shiru muna jin ƙarar da direba ya saba da ita. Ku faɗa, ko za a yi muku dariya, ku sake faɗa. Maza kuma, in mota ta fara ƙas-ƙas a kwana, a kai ta a duba tun ranar, a rage mata lodin da ya fi ƙarfinta. Ba ku san ranar da tafiyar za ta zama wadda ba a maimaitawa ba.

Yanzu na yi jikoki. Amma har gobe in muka haɗu da ƙanwata muka keɓe, sai in roƙe ta ta sake faɗa mini sunana yadda Inna ta faɗe shi. Tana ƙoƙari, Allah ya saka mata. Muryar ce dai ba ita ba.

Allah ya jiƙan iyayenmu.