Ranar da Auta Ya Tuɓe Rigarsa

Ƙanena, autan gidanmu, ba ya shan taba, ba ya caca, mata ma kunyarsu yake ji. Amma a kaɗa gwangwani a bayan gida, sai ka ga kafaɗarsa ta fara motsi. Tun muna Damagaram haka yake. Inna ta yi faɗan, Baba ya yi dukan, duk a banza, sai aka sallama aka ce halitta ce.

Ni na riga shi zuwa Libreville. Na bi mijina, Allah ya yi masa rasuwa, na zauna a unguwar Nombakélé ina suyar fanke da kifi a bakin hanyar da taksi ke tsayawa. Shekarun nan ne fetur ya hau kan garin. Duk inda ka juya gini ake yi, ana neman direbobi ido rufe, har wanda jiya ya koyi riƙe sitiyari yau an ba shi kamiyo, wato babbar motar kaya. Na aika gida Auta ya zo. Inna ta turo shi da saƙon baki guda ɗaya, wai in mayar mata da shi yadda ta ba ni shi. Ya samu kamiyon siminti, daga bakin tashar jirgin ruwa zuwa wuraren gini, ya yi ƙiba, ya sayi akwatin faifai. Daga nan na daina samun barcin rana.

Akwai wasu makaɗa na ƙasar Kwango da ya fi so, musamman mai jitarsu. Bai san kalma ɗaya ta yarensu ba, amma yana bin waƙar daga farko har ƙarshe, yana ɓata musu ita. In na ce, "Kai Auta, ka san ko zaginka suke yi?" sai ya ce, "Yaya, in zagi ne haka, su yi ta yi." Da aka fara yawo da mota ana shelar wani ɗan kwangila zai kawo su filin ƙwallo su yi wasa da rana, yaron nan abinci ma gagararsa ya yi. Ni kuwa na nemi wuri a cikin filin, don inda jama'a suka taru nan mai kasko take.

Ranar ya fito cikin babbar rigarsa ta Sallah, shuɗiyar shadda mai aikin hannu, wadda wani tela ɗan Garwa ya ɗinka masa a kasuwar Mont-Bouët. A wannan zafin na bakin teku, da kake wanka kana gumi! Na ce masa angon wa za a ɗaura wa aure. Ya yi dariya, ya gyara hula. A damtsensa na hagu, ƙarƙashin hannun riga, akwai wuƙar da ba ya rabuwa da ita, irin ta direbobinmu, mai kube na fata. Da ita yake yanke igiya, da ita yake fere rake, da ita yake yanka mini kaza. Ta zame masa kamar laya, shi kansa mantawa yake tana nan. Masu bincike a ƙofa suka lalube aljihu da ƙugu, suka ce ya wuce.

Na kafa teburina a gefen dandamalin, jikin shingen waya, inda nake ganin komai a karkace. Kujerun gaba na ɗan kwangilar ne da matansa da abokansa. Tsakaninsu da dandamali ya jera ƙartin da ya ɗauko haya daga masu dakon tashar jirgi, kowa da kulki, wasunsu tun azahar suke sha.

Zan faɗi gaskiya, ko da yake har yau ina jin haushinsu: ban taɓa ganin makaɗa irin waɗannan ba. Suka fito cikin fararen wanduna masu faɗin ƙafa, takalma masu tudu, masu busa na ɗaga ƙahonin tagulla sama rana na dukansu. Mawaƙa huɗu a jere, in ɗaya ya taka dama duk sun taka, ba mai kallon ɗan'uwansa. Muryoyinsu suna hawa kan juna a hankali, har wata mai sayar da lemo kusa da ni ta fara hawaye, ita ma ba ta jin yaren. Mai jitar kuwa wani siririn mutum ne, ba fara'a, yana tsaye can gefe kamar an tilasta shi zuwa. Sai a tsakiyar waƙa mawaƙan su yi shiru, mai ganga ya sauya hannu, shi kuma ya matso gaba taki ɗaya. Abin da yatsunsa ke yi daga nan ban san sunansa ba. Filin gaba ɗaya ya miƙe. Ni da nake cewa kiɗa aikin marasa aiki ne, sai da fankena ya ƙone a kasko ina tsaye da matsami a hannu.

Can na hango Auta yana ratsa mutane, shuɗiyar rigar nan tana tafe kamar tuta. Da na ga fuskarsa na san abin da zai yi. A wurinmu in makaɗi ya taɓa ka har ƙashi, rigar jikinka kake tuɓewa ka yafa masa a gaban jama'a. Baba ya taɓa yi wa wani mai kalangu haka, ya dawo gida da 'yar shara, aka yi shekara ana labari. To amma nan ba Damagaram ba ce. Na yi ta ƙwala masa kira, ina ɗaga matsami. Wa zai ji ni a wannan ƙarar.

Ya sulale ta tsakanin ƙarti biyu, ya dafa katako ya haye. Mutane suka yi shewa, sun ɗauka rawa zai yi. Ya tsaya gaban mai jita, ya kama wuyan rigar da hannu biyu ya zare ta ta kai. Yana ɗaga hannuwa sama, ga wuƙa a damtse, a fili, taki kaɗan daga kujerar ɗan kwangila. Wata cikin matan ta ƙwalla ƙara. Wani ƙato ya yi ihu da Faransanci, wuƙa, wuƙa.

Kulki na farko a ƙeya ya same shi, rigar tana rufe da fuskarsa, bai ma ga mai dukan ba. Ya durƙushe. Suka hau dandamalin su da yawa, suka yi masa rumfa. Hannun da ke da wuƙar suka fi bi. Ɗaya ya take wuyan hannun da takalmi, sauran suna sauke kulake a kai, ana yi ana sakewa, kamar masu sussukar gero. Mai ganga yana can baya bai gani ba, yana ta kiɗinsa, saboda haka dukan da kiɗan suka haɗu, har na bayan fili suna tafi. Na ji ƙarar ƙashin duk da haka. Ko kuwa a jikina na ji ta, ban sani ba.

Ban tuna yadda na tsallake wayar ba, sai daga baya na ga cinyata a tsage. Na ci ɗamara da gyalena na hau. Na fara da wanda ya take hannun, na sheme shi da matsami a kunne, da sauran mai mai zafi a jiki. Ya saki ƙara ya juyo, ya kai mini naushi a baki, haƙorina na gaba ya tafi. Na kama hannunsa na gartsa masa cizo da waɗanda suka rage. Ina ihu da ɗan Faransancin kasuwa da nake da shi, "Kado ne! Kado! Kyauta ya kawo!" don kado a bakinsu kyauta ke nan, jini na fita da maganar. Wani ya finciko ni ta gashi ya yar, na rarrafa na koma, na kwanta a kan Auta na rufe kansa da ƙirjina. Kulake suka koma bayana. Ina jin numfashinsa a wuyana, yana yi yana tsayawa.

A ƙasa kuma fili ya rikice. Direbobinmu 'yan Nijar da 'yan kasuwar Garwa da suka gane shi suka yunƙuro, 'yan gari suka tare su, an ce baƙi sun zo kashe mai gida. Kwalabe suka fara tashi. Aka kife kaskona, man ya kama wuta, wani yaro mai tallan sigari ya taka ya ƙone ƙafa. Kujeru na karyewa a kan mutane, mata na faɗuwa ana bi ta kansu. Ɗan kwangilar da aka ce za a kashe tuni an fice da shi, ko takalminsa ba a taka ba.

Sai na ji wata ƙara daga manyan akwatunan sauti, mai tsinin da ya sa kowa toshe kunne. Mai jitar ne ya kai jitarsa bakin akwatin da gangan. Dukan ya tsaya na ɗan lokaci. Na ɗaga kai na gan shi yana tahowa, yana jan wayarsa, fuskar nan tasa ba fara'a. Ya ture wani ƙato da kafaɗa, ya sunkuya ya zaro rigar daga ƙarƙashin kan Auta, duk ta jiƙe da jini ta wuya. Ya juya ta yana neman inda ake sa kai. Ya cire jita, ya zura rigar, ya mayar da jita a kanta. Sannan ya raba ƙafafu, ɗaya a damanmu ɗaya a hagunmu, ya tsaya a kanmu, ya fara kaɗawa shi kaɗai.

Hannayen rigar na zubo masa kan igiyoyin, yana naɗe su a kafaɗa yadda bai iya ba, suna sake zubowa. Bai daina ba. A hankali yake kaɗawa, ba irin na rawa ba. Ƙartin suka tsaya da kulake a sama, don ba yadda za su same mu ba su same shi ba, kuma shi ne mutumin da aka tara garin domin shi. Masu busa suka matso suka kewaye mu. Mawaƙan suka ɗauka. Na kusa suka fara ganewa, magana ta bi fili daga baki zuwa baki, jifan ya ragu, ya mutu. Ina kwance ina kallon gefen shaddar yana jan ƙasa kusa da idona, ina jin kiɗan ta katakon da ke ƙarƙashina. Na tsane shi a lokacin, shi da jitarsa, kuma na san ba don shi ba gawa zan ɗauka.

A kan teburina na suya aka fitar da Auta. Wani dattijo ɗan Garwa mai shagon yadi ya cire rawaninsa ya ɗaure hannun, yana ce mini, "Hajiya, kar ki duba, ki dubi fuskarsa." Na duba. Daga gwiwar hannu zuwa yatsu ba abin da ke tsaye, wuƙar kuma tana nan cikin kubenta, ko zare ta ba a yi ba.

Ya yi kwanaki a asibiti bai san inda yake ba, zazzaɓi na cinsa. Hannun ya kumbura, ya yi baƙi, ya fara wari. Likita ya kira ni gefe ya ce ko hannu ko rai. Ba Inna, ba Baba, ba miji, ni kaɗai a tsaye da kumburarren baki. Na ce a yanke. Na fita bayan ɗakin na yi kuka irin wanda ban yi ba ranar da mijina ya rasu, ina tunanin da wane baki zan aika gida.

Da safe ne ya farfaɗo sosai, an lulluɓe shi da zane har wuya. Ina zaune a damansa, hannunsa na dama cikin nawa. Na kwana ina shirya yadda zan faɗa masa. Ya buɗe ido ɗaya, ɗayan bai buɗuwa tukuna, ya daɗe yana kallona.

"Yaya, ina haƙorinki?"

"Yana filin ƙwallo," na ce. "Ka je ka ɗauko mini."

Na buɗe baki zan fara, sai ya riga ni.

"Ya karɓa?"

Wallahi da ba a kwance yake ba da na mare shi. Na ce ya karɓa. Na ce har ya sa, a gaban kowa, ya yi kiɗa da ita a kanmu. Ya sa na maimaita, na maimaita. Ya ce ta yi masa kyau?

"Ta yi masa yawa. Har ƙasa take ja, kamar yaro ya sa ta ubansa."

Ya fara dariya, haƙarƙarin da suka karye suna hana shi, yana yi yana nishi, hawaye na gangarowa cikin kunnensa. Ya so ya share. Na damansa yana hannuna, na kuwa riƙe shi gam, sai ya yunƙura da ɗayan. Zanen ya ɗan motsa a kafaɗa. Ya sake yunƙurawa. Dariyar ta tsaya, ya juyo da idon nan guda ɗaya ya dube ni.

Na ce, "Auta, ni na ce a yi."