Dusar da Na Ƙara wa Aladun Citta

Ni ne na yi laifi, kuma tun ina cikin yin sa na san laifi ne. Shekara talatin ina kiwon aladu a bayan gidanmu a Kafanchan, karatuna kuwa a firamare ya tsaya. Da 'yata ta biyu, mai karatun kiwon dabbobi a jami'a, ta kawo aikin shekararta ta ƙarshe gida, na ɗauka ni zan koya mata.

'Yan aladu goma sha biyu da aka yaye ta raba ɗaki biyu. Shida su ci dusa yadda aka saba, shida kuma a gauraya musu garin citta kaɗan, irin ɓurɓushin da masu shanya citta a Kachia ke sharewa su zubar. Duk Asabar tana zuwa ta sa kowanne a buhu, ta rataya a sikeli, ta rubuta nauyinsa. Mako takwas za a yi. Sauran ranakun tana makaranta, ni ke ba su abinci.

Ta miƙo mini gwangwanin awo ta ce, "Baba, abin da na auna kawai. Ko ɓawon rogo kada a ƙara."

Na ce, "Mamana, tun ba a haife ki ba nake ciyar da alade." Sunan mahaifiyata ta ci, shi ya sa nake kiran ta haka.

Na ɗakin citta suka ƙi ci. Su sa hanci, su yi atishawa, su koma gefe suna kuka. Kwana huɗu na daure. A na biyar na je wurin mai dafa burukutu na karɓo dusarta, na zuba musu rabin bokiti. Suka cinye har da cittar. Daga ranar kullum da safe haka nake yi, su kaɗai, in wanke mazubin tas kafin Asabar.

Matata ta kama ni da bokiti a hannu ta ce, "Likitan aladu, wannan ma a littafin 'yarka yake?" Na ce ta je ta duba tukunyarta.

Aladun citta suka yi ƙiba, suka wuce 'yan'uwansu nesa. 'Yata har tsalle take yi a gaban sikeli. Ta rubuta cewa citta na sa alade girma, ya rage mata ta tsaya gaban malamanta ta kare abin da ta rubuta. Ni kuwa har ina jin daɗin cewa dabarata ce ta yi aiki.

Ranar Lahadi bayan sujada, a ƙofar coci, na ji tana gaya wa wani dattijo mai kiwo ya fara sa citta a dusa. Ya ce, "Kin tabbata, 'yata?" Ta ce, "Da hannuna na auna, Baba, mako takwas." Gaskiya take faɗa iyakar saninta, ni na mai da ita ƙarya a bakinta.

Da muka koma gida na kai ta ɗakin aladun na nuna mata bokitin, na gaya mata abin da na yi ta zuba musu. Ba ta yi kuka ba. Ta tambaye ni tun yaushe, kuma nawa nake zubawa. Sannan ta ce aikin ya lalace, sai an sake da wasu 'yan aladu, abokan karatunta za su gama su bar ta. Na fara cewa ai da sun mutu da yunwa. Ta juya ta shige gida.

Mako biyu ba ta zo ba. Da ta zo, ta tarar na wanke ɗakunan biyu, na ware mata sababbin yaye goma sha biyu. Na miƙa mata gwangwanin da hannu biyu na ce, "Mamana, ba tausayin alade kaɗai ya sa ni ba. Na raina karatunki ne, na kuma ɓoye miki mako takwas kina murna. Na ɓata miki aiki, na ja miki jinkiri. Ki gafarta mini."